Kwamfuta Ta Yi Lissafi, Wa Zai Amsa Tambaya?

Da yawa daga cikinmu a ƙauyukan Bichi, Ɗambatta da Dawakin Tofa mun sayar da gyaɗa ko rago domin mu saya wa ɗa ko 'ya kwamfuta, saboda karatun kimiyya da injiniya a Jami'ar Bayero ko ta Wudil ba ya tafiya sai da ita. Da manhajar AutoCAD suke zana gini, da MATLAB suke warware lissafin da a dā yake cin kwanaki. Daga shekarar 2022 kuma ChatGPT ta fito, tana iya rubuta wa ɗalibi amsa ɗungurungum. Ya kamata mu tambayi kanmu: albarka ce wannan, ko tarko?

Ikkilisiya ba ta gaba da kayan aiki. A wasiƙarsa a kan aikin ɗan Adam ta 1981, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar cewa fasaha abokiyar mutum ce, amma takan zama abokiyar gaba in ta ƙwace masa matsayinsa. Mu manoma mun san haka. Garmar shanu ta rage mana wahalar fartanya, amma ba ta san ko ruwan shuka ya sauka ba, ba ta kuma bambance jigawa da fadama. Mai riƙe da ita ne ya sani.

Haka kwamfuta take. Abin da aka ba ta shi take sarrafawa; in an shigar da lambar kuskure, za ta fitar da kuskuren cikin kyakkyawan zane. Ɗalibin da bai taɓa yin lissafin da hannunsa ba, da me zai gane amsar ta kauce? A watan Agusta 1988 madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, ruwa ya ci gonaki da gidaje. Yau akwai iyalai da ke kwana a ƙasan madatsun Tomas da Watari, suna dogara ga amincin injiniyoyin da ba su taɓa gani ba. Na'ura ba ta da lamiri, ba za ta tsaya gaban Allah ba. Wanda ya sa hannu a takarda shi zai tsaya.

Saboda haka ɗalibin da ya miƙa aikin na'ura da sunan nasa ya taka doka ta takwas, gama ya ba da shaidar ƙarya a kan kansa. Wata rana kuwa ƙaryar tana iya cin ran maƙwabci. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mu iyaye, kada mu tsaya ga tambayar sakamako kaɗai. Mu ce wa yaro ya bayyana mana da Hausa abin da ya lissafta. In ya iya, ya fahimta. Ku kuma ɗalibanmu, ku koyi na'urar sosai, amma ku gwada amsarta kafin ku yarda da ita.

Ubangiji ya ba 'ya'yanmu hikima tare da gaskiya. Amin.