Nasiha ga Masu Ciwon Sukari Game da Abinci

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, lafiya amana ce da za a tambaye mu a kanta. Ciwon sukari ya shiga gidajenmu, yana makantar da ido, yana lalata ƙoda, yana jawo yanke ƙafa. Wasu sun ji an ce barin nama magani ne, sai suka bar shi, suka cika ciki da tuwo da fura, ciwon kuwa ya ƙaru.

Ku sani, nama halal ne. Wanda ya rage shi domin lafiyarsa bai yi laifi ba, muddin bai haramta abin da Allah Ya halatta ba. Amma abin da ya fi tayar da sukarin jini shi ne abinci mai sitaci, wanda jiki ke mayarwa sukari: tuwon gero da dawa da masara, shinkafa, burodi, taliya, rogo. Sai kuma sukarin shayi, da lemun kwalba. Dabino da zuma ma, duk da albarkarsu, mai ciwon nan ya ci su da awo.

Allah Ya wadata ƙasarmu da abin da ya dace: wake, zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, kuka, gyaɗa. Wake na ƙosarwa, kuma sukarinsa a hankali yake shiga jini. Likitoci na ba da shawarar a raba akushi: rabi ganye, rubu'i wake ko kifi ko nama, rubu'i tuwo. A dama fura ba sukari, a taka ƙasa bayan cin abinci.

Wannan ya dace da addininmu. Aya ta 31 cikin Suratul A'arafi ta hana wuce iyaka wajen ci da sha, Manzon Allah (SAW) kuma ya koyar da raba ciki uku: abinci, ruwa da numfashi.

Kada kowa ya bar ƙwaya ko allurar insulin don ya gyara abinci; neman magani ba ya warware tawakkali. Kafin watan Ramadan a je wurin likita, domin Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame. Iyayenmu mata, tukunya a hannunku take, ku taimaka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare sauran. Amin.