Ladan Koya wa Yara Kimiyya

Nassi: Daniyel 1:3-20

Daniyel da abokansa uku baƙi ne a Babila, nesa da gida, kamar yadda yawancinmu muke zaman baƙunci a Abakpa Nike. An sa su makaranta shekara uku, suka koyi harshe da ilimin ƙasar ba tare da sun ƙazantar da kansu ba. Nassi ya nuna Allah ne ya ba su fahimi, har sarki Nebukadnezzar ya same su sun fi masu dubansa sau goma. Ashe ilimi baiwa ce daga Ubangiji, kuma mai koyar da shi ma'aikacin Ubangiji ne.

Garin Enugu ma shaida ne. A 1909 wani masanin duwatsu, Albert Kitson, ya gano kwal a tuddan Udi. Daga nan aka shimfiɗa layin dogo zuwa Fatakwal, gari ya kafu. Kwal ɗin yana nan tun fil azal, sai da mai ilimi ya zo kafin a gane shi.

Ladan farko lafiyar gida ce. Kowa ya san wahalar ruwa a unguwarmu da rani, yadda ake dogara ga rijiya da motar tanka. Yaron da malami ya nuna masa cewa ruwa yana iya yin garau amma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta zai koma gida ya ce wa mahaifiyarsa a tafasa kafin a sha. Darasi ɗaya kan raba ƙanensa da gudawa.

Na biyu ya shafi aure. Gregor Mendel bawan Allah ne a gidan sufaye na Brno, kuma malamin kimiyya a makarantar sakandare. Ya yi shekaru yana shuka wake yana ƙirga, ya buga sakamakonsa a 1866. Da wannan ilimin ne muka sani yau cewa idan miji da mata duka jininsu AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi ɗa mai sikila. Yarinyar da ta fahimci haka tun tana aji uku za ta nemi gwajin jini kafin soyayya ta yi nisa, ba sai dattawan ikkilisiya sun tilasta mata ba.

Na uku shi ne tsoron Allah. Zabura 19 tana kiran mu mu dubi sammai mu ga ɗaukakar Mahalicci. Wanda ya san yadda ganye yake juya hasken rana ya zama abinci yana da ƙarin dalilin yabo.

Iyaye, kada ku cire yaro daga aji domin ya tsare muku shago. Ribar yini ɗaya ba ta kai asarar rayuwa ba. In ya tambaye ku me ya sa ake tsawa, kada ku kwaɓe shi, ku raka shi wurin wanda ya sani. Zumuntar mata da ta maza su duba ɗaliban da ba su da kuɗin jarrabawa.

Ku kuma malamai, albashi kaɗan ne, kayan gwaji sun yi ƙaranci, amma Galatiyawa 6:9 tana ƙarfafa mu kada mu gaji, gama lokacin girbi yana zuwa. Ubangiji ya ba ku ƙarfi, ya albarkaci 'ya'yanmu. Amin.