Da Me Ake Gane Maganar Allah? Tsokaci A Kan Asalin Littattafai Masu Tsarki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya aiko manzanni da littattafai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Akwai wata tambaya da take jiran yaron da ya tashi a gidan karatu ranar da ya shiga jami'a, ko a Yamai yake ko a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa. Wani lokaci daga bakin abokin ɗaki Kirista take fitowa, wani lokaci daga darasin tarihi, wani lokaci kuma a waya da tsakar dare. Bayahude yana da littafinsa, Kirista yana da nasa, mutumin Indiya ma haka, kowa yana girmama nasa har da zubar hawaye. To da me Musulmi ya san nasa ne maganar Allah? Ko kuwa don an haife shi ne kawai a gidan da ake karanta shi?

Wannan tambaya ba alamar ɓata ba ce, domin ta taɓa hana babban malami barci. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111 Miladiyya, ya faɗa a littafinsa Al-Munƙizu minad Dalal cewa tun yana matashi ya lura ƴaƴan Nasara suna tashi Nasara, na Yahudu suna tashi Yahudu, na Musulmi suna tashi Musulmi, kuma wannan ne ya tura shi neman abin da ya wuce gado. Muridin da tambayar ta dama wa zuciya sahun manya ya bi. Abin da ya rage shi ne ya bi ta daki-daki.

Matakin farko shi ne sanin abin da kowane addini yake faɗa game da littafinsa, domin da'awar ba ɗaya ba ce.

Musulmi sun yi imani Alƙur'ani maganar Allah ce da lafazinta, Mala'ika Jibrilu ya sauko da ita ga Annabi (SAW) tun daga kogon Hira a 610, aka ci gaba har shekara 23. Annabi mai isarwa ne, bai sa kalmarsa a ciki ba, shi ya sa aka ware hadisi daban. Yahudawa masu riƙo da gargajiyarsu suna kusa da wannan game da Attaura, littattafai biyar da suke cewa an bai wa Annabi Musa (AS), sai dai sun ƙara da wata Attaura ta baki wadda malamansu suka rubuta daga baya.

Kirista kuwa, a wurinsa Kalmar Allah shi ne Almasihu da kansa. Littattafan Sabon Alkawari 27 mutane ne suka rubuta su da Girkanci, kowa da salonsa, kuma Kirista ya yi imani Ruhu Mai Tsarki ne ya hure su. Saboda haka idan Musulmi ya ce wa Kirista Linjila huɗu rubutun mutane ne, bai ba shi sabon labari ba. Linjilar da Musulmi ya yi imani an saukar wa Annabi Isa (AS) da littattafan Matiyu, Markus, Luka da Yohanna suna ɗaya suka haɗa, amma abu biyu ake nufi. Gardama mai yawa a ɗakunan ɗalibai daga wannan rashin fahimta take tasowa.

A Indiya zancen ya sake kama. Littattafan Veda huɗu ana kiran su da sunan da ke nufin abin da aka ji, kuma wata tsohuwar mazhabarsu mai suna Mimamsa ta ce ba su da mawallafi sam, ba mutum ba, ba abin bauta ba, sauti ne dawwamamme da masu hikima suka jiyo. Buddha kuwa bai ce Mahalicci ne ya aiko shi ba. Mabiyansa suna girmama maganarsa ne a matsayin abin da mutum ya gano da kansa. Mabiya addinin Sikh sun haɗa littafinsu a 1604, a 1708 kuma jagoransu na goma ya ce daga shi babu wani jagora sai littafin. A cikinsa akwai baitocin Shaihu Farid, waliyyin ɗariƙar Cishtiyya, Musulmi. Wanda ya ce duk littattafan nan abu guda suke da'awa bai saurari ko ɗaya ba.

Mataki na biyu shi ne tambayar hanya: ta yaya littafin ya iso hannun mai karanta shi yau? Wannan ba baƙon zance ba ne a zawiya, inda ba a karɓar wuridi sai an san daga hannun wa ya fito.

An tara Alƙur'ani wuri guda zamanin Sayyidina Abubakar bayan mutuwar mahaddata a yaƙin Yamama, Zaidu ɗan Sabit ne ya jagoranci aikin. Sayyidina Usman ya sa aka kwafi mus'hafi ɗaya aka aika birane wajen 650. Tare da rubutu akwai hadda baki da baki. Gardin da yake rubuta allo a Damagaram da ruwayar Warshu yana da silsila zuwa Imam Nafi'u na Madina. A 2015 jami'ar Birmingham ta Ingila ta sanar cewa gwajin kimiyya ya nuna fatar wasu ganyen Alƙur'ani biyu da ke hannunta ta fito ne tsakanin 568 da 645. A 1972 kuma an gano tsofaffin takardu a babban masallacin San'a na Yaman, cikinsu har da wata fata da aka goge rubutunta na farko aka sake rubutu a kai, kuma na ƙasan ya bambanta da mus'hafin Usman a wasu kalmomi da jerin surori. Wannan bai kamata ya firgita ɗalibi ba, domin malaman Musulunci tun da daɗewa sun ambaci mus'hafin Ibn Mas'ud da na Ubayyu ɗan Ka'ab da bambancin da ke cikinsu.

Littafin Yahudawa an rubuta shi cikin ƙarnoni masu yawa, kuma tun ƙarni na 19 masu bincike a Turai suke ganin Attaura an haɗa ta ne daga majiyoyi dabam-dabam. Amma adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Naɗaɗɗun fatun da aka fara ganowa a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947 sun girmi cikakkun kwafin Ibrananci da aka sani da wajen shekara 1000, kuma littafin Ishaya da aka samu a can ya yi kusa ƙwarai da wanda ake karantawa yau. Jerin littattafan Sabon Alkawari 27 kamar yadda yake yanzu ya bayyana a wasiƙar Atanasiyus, bishop ɗin Iskandariya, a 367. Har gobe Furotestan suna ƙirga littattafai 66, Katolika 73, cocin Habasha 81. Masu Veda kuwa sun riƙe waƙoƙin Rigveda 1028 da hadda tsawon ƙarnoni kafin a rubuta su, da dabarun maimaita kalma gaba da baya don kada harafi ya kuɓuce.

A nan ne ya kamata a yi hattara. Ingancin hanya yana tabbatar da cewa maganar ta iso yadda aka faɗe ta, amma ba ya tabbatar da wanda ya faɗe ta. Veda ta samu mahaddata masu tsananin kula, wannan bai sa Musulmi ya karɓe ta a matsayin wahayi ba. Masanin tarihi yana iya auna shekarun fata da tawada, amma ba shi da ma'aunin da zai shiga kogon Hira da shi. Don haka wanda ya rataye imaninsa a kan gwajin Birmingham ya rataye shi a reshe siriri, wanda kuma ya zubar da nasa saboda fatar San'a ya yi gaggawa. Haka nan faɗin littafi cewa shi daga Allah yake bai isa hujja ga wanda bai riga ya yarda da shi ba.

To ina mafita? Gazali ya ba da misali mai sauƙi. Wanda ya karanci likitanci yana gane likita idan ya ga aikinsa, wanda ya san fiƙihu yana gane cewa Shafi'i faƙihi ne ba tare da an gaya masa ba. Haka ake gane annabci: a yawaita nazarin abin da annabin ya zo da shi, a dubi halinsa, sannan a gwada maganinsa a kan zuciya a ga ko tana warkewa. Wannan shi ne abin da Sufaye suke kira zauƙi, wato ɗanɗano. Hujjoji uku ne suke haɗuwa: hanya mai inganci, manzo wanda mutanensa suka kira Al-Amin kafin ya ce an aiko shi, da magana wadda idan an yi aiki da ita take mai da mai rowa mai kyauta, mai fushi mai haƙuri.

Mai hankali zai ce: ai Kirista ma yana cewa littafinsa ya gyara shi. Gaskiya ne, kuma ba daidai ba ne a ƙaryata shi a kan abin da ya ji a ransa. Zauƙi yana ba mai shi yaƙini, amma ba sanda ba ne da zai daki wani da shi. Wanda ya sha zuma ya san zaƙinta, sai dai ba zai iya zuba wannan sanin a bakin maƙwabci ba, iyakarsa ya miƙa masa ƙwarya. Daga nan ne ladabi yake farawa.

Magabata sun riƙe wannan ladabi. Bukhari ya ruwaito umarnin Annabi (SAW) na kada a gaskata labaran Ahlul Kitabi kai tsaye, kada kuma a ƙaryata su. A kan canjin da ya shiga littattafan farko malamai sun saɓa: Ibn Hazm na Andalus ya tsaya a kan an taɓa lafazi, Ibn Khaldun ya karkata ga cewa a fassara aka karkatar. Al-Biruni ya koyi harshen Sanskirit kafin ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen 1030. Bai bar addininsa ba, amma bai yarda ya yi wa mutane ƙarya a kan nasu ba.

Ƙasar nan ta ga abin da rashin wannan ladabi yake haifarwa. A watan Janairu na 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, rayuka suka salwanta. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada maƙwabta ne da ba su zana komai ba, da yawansu da Hausa suke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi tun 1932, kuma a cikinsa akwai sunayen Ibrahim da Musa da Dawuda, aminci ya tabbata a gare su. Son Annabi (SAW) da ya fita daga halin Annabi ya ɓata hanya.

Saboda haka idan tambayar nan ta zo wa murid, kada ya gudu, kada kuma ya harzuƙa. Ya koyi tarihin mus'hafinsa har da wuraren da ke da wuya, ya kai abin da ya shige masa duhu gaban malami. Ya faɗi abin da wani ya yi imani da shi yadda mai shi zai ji ya ce haka ne. Sannan ya tuna cewa abokin ɗakinsa mai yiwuwa ba zai taɓa buɗe Alƙur'ani ba, amma kullum yana karanta wanda ya haddace shi: amanarsa a kan kuɗi, harshensa a bayan idon mutane, haƙurinsa ranar da aka ɓata masa.

Allah Ya ƙara wa ƴan'uwa yaƙini da ladabi, Ya sanya Alƙur'ani hujja gare su ba a kansu ba, albarkar Shugaba (SAW). Amin.