Tawakkali da Shirin Tafiya: Hawan Dutsen Marra

Dutsen Marra, wanda mutanen Sudan ke kira Jabal Marra, yana tsakiyar Darfur. Tsayin ƙololuwarsa mita 3,042 ne, kuma tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 babu wurin da ya kai shi tsawo a ƙasar. Asalinsa dutse ne mai aman wuta. A samansa akwai kwarin Deriba, mai faɗin kimanin kilomita 5, wanda wata gagarumar fashewa ta haƙa kusan shekara 3,500 da suka wuce. Tafki biyu ne a cikin kwarin, ɗaya mai faɗi da ruwan gishiri, ɗaya ƙarami mai zurfi. Har yau tururi na fita daga wasu tsagogi, akwai kuma maɓuɓɓugan ruwan zafi, alamar cewa wutar ƙarƙashin ƙasa lafawa ta yi, ba mutuwa ba.

Darfur ba baƙon wuri ba ne ga Hausawan Hajj Yusuf, babbar unguwar nan ta Sharƙun Nil da ke gabashin Kartum. Kakannin da yawa daga cikinsu ta can suka ratso da ƙafa a kan hanyar Makka, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, suna yada zango suna noma ko ƙodago har guzuri ya samu su ƙara gaba. Saboda haka tambayar da hawan wannan dutse ke tayarwa tsohuwa ce a gidajensu: idan komai a rubuce yake, me shiri zai ƙara wa matafiyi? In kuma ya tsara komai tun daga gida, ina tawakkalinsa yake?

Lokacin da ake zaman lafiya, matafiyi kan tashi daga Kartum ko Umdurman ya bi ta El Obeid zuwa Nyala, daga nan ya nufi Nyertiti da ke gindin dutsen ta yamma. Ba a hawa a sauko a wuni ɗaya cikin sauƙi, don haka sai an kwana a hanya, ko a gidan saukar baƙi da ake kira istiraha, ko a ƙauyen Furawa, masu noman lemo da alkama a gonakin da suka sassaƙa hawa-hawa a jikin dutsen. Ana neman ja-gora ɗan ƙasa da jakin ɗaukar kaya. Ana zaɓen rani, domin daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama na yanke hanyoyi. Sanyi na ƙaruwa da kimanin digiri 6 a kowane mita 1,000 da aka hau, shi ya sa wanda ya saba da zafin Kartum ba ya barin bargo a baya. Sama da mita 2,500 iska kan yi ƙaranci, wasu su kamu da ciwon kai da jiri, kuma maganin haka shi ne hawa sannu a hankali, da saukowa idan abin ya tsananta.

Akwai masu ganin cewa irin wannan lissafi raunin imani ne. Tarihin Musulunci bai ba su gaskiya ba. Hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a shekarar 622, ta fara ne da kwana uku a kan dutse, kuma babu wani ɓangare nata da aka bar wa sa'a. Madina tana arewa da Makka, amma shi da Sayyidina Abubakar suka nufi kudu zuwa kogon Dutsen Saur don ɓatar da masu bin sawu. An tanadi raƙuma biyu tun da wuri. An ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ja-gora saboda sanin hanya, ko da yake a lokacin bai musulunta ba. Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta shirya guzuri, ɗan'uwanta Abdullahi yana kawo labarin gari da dare, Amiru ɗan Fuhaira kuma yana koro tumaki su shafe sawu. Duk da haka masu nema sun iso har bakin kogon, kuma a wannan lokaci babu dabarar da ta rage sai dogaro ga Allah. An yi shiri iyakar ƙarfin ɗan Adam, zuciya kuma ba ta rataya a kan shirin ba.

Buhari ya ruwaito cewa wasu mutanen Yaman kan taho aikin hajji babu guzuri da sunan tawakkali, su ƙare da roƙon mutanen Makka, sai ayar Suratul Baƙara ta sauka tana umartar a riƙi guzuri. Wanda ya hau Marra babu ruwa babu abinci haka zai zama: nauyinsa zai koma kan abokan tafiya da talakawan ƙauye, ya dogara ga mutane alhali yana cewa ga Allah ya dogara.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya raba sabubba gida uku a littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Na farko tabbatattu ne, waɗanda Allah ya ɗaura sakamako a kansu bisa al'adar da ba ta saɓawa, kuma barinsu ba ya cikin tawakkali ko kaɗan. Ruwan sha da suturar sanyi a saman dutse suna nan. Na biyu su ne waɗanda ake kyautata zaton amfaninsu, kamar ɗaukar ja-gora da zaɓen lokaci, kuma riƙo da su ba ya ɓata tawakkali. Na uku na wahami ne, inda mutum ke bin camfi ko zurfafa dabara don ya toshe kowace ƙofar tsoro. Wannan kam yana cinye natsuwa, domin mai shi ya ɗauka cewa tsirarsa a hannunsa take.

Dutsen da kansa yana nuna iyakar shiri. A ƙarshen watan Agusta na 2025, bayan kwanaki ana ruwa, ƙasa ta zaftare a kan ƙauyen Tarasin da ke cikin tsaunukan Marra, ta binne gidaje da mutane masu yawa. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai 'yan ƙasa da suka san dutsen ciki da bai. Sani yana rage haɗari amma ba ya kawar da shi, kuma abin da ya rage bayan an yi iyakar ƙoƙari shi ne fagen sallamawa da haƙuri.

Wani lokaci shiri mafi dacewa shi ne fasa tafiyar. Yankin Marra na cikin rikici tun 2003, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 kuma ya taɓa Kartum da Darfur baki ɗaya, har kogunan dutsen da ƙauyukansa suka zama mafakar masu gudun rai. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga Sarg da ya ji annoba ta ɓulla a Sham, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Hawan dutse don kallon halitta da yin tunani a kanta halal ne, har yana jawo lada idan niyya ta yi kyau, amma ba wajibi ba ne, tsare rai kuwa wajibi ne.

Shari'a ta kuma tanadi sauƙi ga wanda hanya ta buɗe masa. A mazhabar Malikiyya yana yin ƙasaru idan tafiyar ta kai kimanin kilomita 80 kuma bai yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba. Yana yin taimama a kan dutse idan ruwa ya yi ƙaranci ko yana tsoron sanyi ya cutar da shi. Ana son ya yi istihara, ya nemi yardar iyaye, ya sanar da iyalinsa hanyar da zai bi da ranar da za su sa ran dawowarsa, 'yan tafiyar kuma su naɗa ɗayansu shugaba wanda za a bi maganarsa idan ya ce a ci gaba ko a juyo.