Masu Cin Dutse

Duk wanda ya bi hanyar Kafanchan zuwa Kagoro a watan Agusta, lokacin da marka ta kankama, ya san yadda duwatsun yankin suke komawa baƙi ƙirin. Daga ƙololuwa har gindi sai ka ga baƙaƙen layuka, duk inda ruwa ya saba bi ya gangaro. Yawancinmu mun ɗauka launin dutsen ke nan. To amma tsaya wajen masu fasa dutse a bakin hanya, ka ɗauki ɓallin da guduma ta ɓantaro yanzu-yanzu, ka juya shi. Cikinsa fari ne mai ratsin toka, wani da ɗan ja-ja, ga 'yan ƙwayoyi suna ƙyalli in rana ta taɓa su. Baƙin nan a fatar waje kaɗai yake, kaurinsa bai kai na farce ba. Kuma rai gare shi.

Masu binciken ƙananan halittu suna kiran mafi yawan halittun da ke cikin baƙin nan sayanobaktiriya. Tsofaffin 'yan gida ne a duniya, don irinsu ne suka fara cika sarari da iskar da muke shaƙa, kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce. Ba sa neman komai sai hasken rana da iska da ɗan danshi. In hunturu ya shigo su bushe ƙayau, su yi likimo wata da watanni a kan dutsen da ƙafa ba ta iya takawa da tsakar rana, ruwan farko na Afrilu kuwa yana sauka su farfaɗo su ci gaba da harkarsu. Duhun launin ma dabara ce: wani sinadari suke yi su lulluɓe kansu da shi don kada rana ta ƙona su. Masana tsirrai na Jamus da suka yi nazarin irin waɗannan duwatsu a Kwaddibuwa cikin shekarun 1990 sun tarar kusan duk fuskar dutsen da ake gani tsirara, a haƙiƙa lulluɓe take da su. Santsin da ke kayar da mutane a gefen magangarar ruwa ta Matsirga ma yauƙin irin waɗannan halittu ne da gansakuka.

Akwai kuma wani abu da yake fitowa zagaye-zagaye a jikin dutse, fari-fari ko ruwan toka ko ɗorawa, kamar makero a kan yaro. Masana suna ce masa laiken. Halitta biyu ce a zaman haya ɗaya: funfuna ita ke da gida, ita ke riƙe ruwa, a cikinta kuma akwai korayen ƙwayoyi masu dafa abinci da hasken rana, su ci su ba mai gida. Laiken ne ya fi iya ɓarna. Siraran zarensa suna kutsawa tsakanin ƙwayoyin dutsen, yana kuma fitar da asid mai rauni wanda yake narkar da wasu ma'adinan a hankali. Ga shi duk tarkacen nan, da shi da baƙin yauƙin, suna kumbura in sun sha ruwa, su tsuke in sun bushe. Kumbura, tsukewa, damina bayan damina, har ƙwayar yashi guda ta saki ta faɗo. A ƙasa irin tamu ta kudancin Kaduna, inda ake ruwa tun Afrilu har Oktoba sannan rani ya zo da ƙarfinsa, wannan aiki ba ya hutu.

Kafin a yi musu Allah-wadai, a tuna abin da ke biyo baya. Dutsen giranit haɗin ƙanƙarar dutse ne da wasu ma'adinai masu saurin ruɓewa. In suka ruɓe, ƙanƙarar ta zama yashi, sauran su zama yumɓu. Ƙasar da ake noman citta da acca a kanta daga nan ta fito. Yumɓun da mutanen Nok suka yi gumakansu da shi ma, in ka bi salsala, dutse ne da ruwa da tsawon zamani da waɗannan halittu suka tauna. An fara tono kayan Nok a 1928 wajen haƙar kuza a ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba. A 1943 aka sami wani kan gunkin yumɓu kusa da Jama'a, wani ma'aikacin haƙar kuza ya kafa shi a kan mutum-mutumi a gonarsa ta doya don korar ɓarna, ya sha ruwa da rana a can kafin ya isa hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a Jos. Kan da ya haura shekara dubu biyu ke nan yana gadin doya! In ka duba yawancin kayan Nok da kyau za ka ga jikinsu kaushi-kaushi, tsakuwa a fili. Ba haka masu su suka bar su ba. Sun yi musu shafe mai santsi, ruwa da ƙasa ne suka cinye shi.

Inda nake so mu tsaya mu duba shi ne abin da muke yi in baƙin nan ya hau abin da muke ji da shi: katangar tsohon coci ko masallaci, kushewar kaka, gine-ginen ma'aikatan jirgin ƙasa da suka rage tun Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo a 1927, ko allon dutse da aka rubuta sunan wanda ya aza harsashin gini. A wata makaranta da ba sai na faɗi sunanta ba, ana jibi bikin yaye ɗalibai, na tarar da wani saurayi durƙushe gaban irin wannan allo na farin dutsen marmara. A hannunsa burushin ƙarfe, a gefensa galan na asid ɗin da masu tayil suke wanke siminti da shi. Yana zubawa sai dutsen ya yi cuu, kumfa ya taso, ya bi da burushi, farin ruwa mai kauri yana gangarowa cikin ciyawa. Tsohon maigadi yana zaune a benci yana kallo.

"Baba, ai oga ne ya ce a fito da farinsa kafin baƙi su zo," in ji saurayin, ganin irin kallon da ake masa.

"To ɗana, farin ya fito. Sunan mutumin fa, ina ya tafi?"

Haruffan layin ƙasa sun riga sun daƙushe. Marmara dangin farar ƙasa ce, asid narkar da ita yake yi, kumfan nan dutsen ne da kansa yake tafiya. Abin da laiken zai yi shekaru masu yawa yana gutsura, an gama shi kafin la'asar. Wani abin haushin kuma, dutsen da aka kankare fuskarsa ta zama kaushi, ta fi riƙe ruwa da ƙura, don haka baƙin ya fi saurin dawowa. Haka ma fentin mai da muke maka wa tsofaffin katangu, da siminti da muke liƙa wa tsohon gini: danshi suke kullewa a ciki, gishiri ya taru a bayansu, wata rana fuskar ta ɓallo gaba ɗaya. Garin neman gira an rasa ido.

Kada a ce rashin sani ne na mutanen karkara. Faransa da duk masananta ta sha wannan ɗacin. A 1940 wasu samari suka gano kogon Lasko, mai zane-zanen dawaki da shanu na kimanin shekara 17,000. Aka buɗe shi ga jama'a a 1948. Numfashin masu ziyara da ɗumin jikinsu da hasken fitilu suka jawo koren gansakuka a bango, dole aka rufe shi a 1963. A 2001, bayan an sauya na'urar daidaita iskar kogon, sai farar funfuna ta mamaye shi. Aka yi ta feshin magani. Farar ta ja baya, amma 'yan shekaru kaɗan sai ga baƙaƙen tabo, bincike kuma ya nuna wasu ƙwayoyin sun mayar da ragowar maganin abinci. An kashe 'yan gida, baƙin da suka fi su taurin kai suka tare. Manoman citta na Kachia da Jaba da Kagarko, waɗanda cutar funfuna ta cinye wa gonaki a 2023, ba sa buƙatar dogon bayani kan yadda abin da ido ba ya gani yake gagarar feshi.

A Sin kuwa labarin juyawa ya yi. Wani bincike da aka wallafa a Disamban 2023 ya duba sassan babbar ganuwar ƙasar waɗanda aka gina da dandaƙaƙƙiyar ƙasa, ya tarar kashi 67 cikin ɗari na wuraren da aka duba suna lulluɓe da ɓawon sayanobaktiriya da gansakuka, kuma inda ɓawon yake ginin ya fi ƙwari, ya fi jure ruwa da iska. Duk mai kishin abin da ya rage na ganuwar Kano da ta Zariya ya kamata ya ji wannan kafin ya ɗauki fartanya.

Ba ina cewa a bar komai yadda yake ba. A Ikom ta jihar Kuros Riba akwai sassaƙaƙƙun duwatsu kimanin 300 masu fuskokin mutane, waɗanda aka sa cikin jerin kayan tarihin duniya da ke cikin haɗari a 2008, kuma tsiron da ke hawa jikinsu yana cikin abin da ke shafe zanen, tare da gobarar daji da ɓarayi. Zanen shanun da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude a Birnin Kudu ma ba shi da kaurin da zai jure wani abu ya yi gida a kansa. A irin waɗannan wurare barin tsiron asara ne. Sai dai masu sana'ar adana kayan tarihi ba da kankara suke farawa ba. Tambayarsu ta farko ita ce, daga ina ruwan yake zuwa? Sau da yawa amsar ba ta wuce indararon da ya karye ba, ko reshen mangwaro da ya hana rana isa bangon, ko kwatar da ta toshe a gindin gini. A gyara wannan, a jira rani, a bi da burushi mai laushi da ruwa tsabtatacce. A ganina ko a nan aka tsaya an yi rabin aikin, kuma kuɗinsa bai kai na galan ɗin asid da bokitin fenti ba. Matsalarmu ita ce wannan hanya ba ta nuna kanta ranar biki, mu kuwa gyaran da baƙo zai gani ya yaba shi muke so.

Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a nan Kafanchan, ga Kwalejin Ilimi a Gidan Waya, ga duwatsu ko ta ina. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai ba sai ya jira na'ura daga Turai ba kafin ya fara. Ya zaɓi taki ɗaya a jikin tsohuwar katanga ko kan fa, ya ajiye rula a gefe, ya ɗauki hoto da wayarsa a Agusta, ya sake ɗauka a Fabrairu, ya rubuta ta ina rana take bugun wurin, ta ina ruwa yake bi, ya miƙa wa 'yan ajin da ke bayansa su ci gaba. Laiken milimita kaɗan yake ƙaruwa a shekara, don haka aikin na buƙatar aji da yawa, kuma sai an roƙi masu share harabar kada su taɓa wurin.