WAYAR YARO DA KUNNEN SAMA'ILA

Karatu: 1 Sama'ila 2:22-25, 3:1-14



Wata ranar Talata da yamma, wata 'yar'uwa a ikkilisiyarmu a nan Zango, Kwatano, ta sauko daga kan zemijan a ƙofar gidana, ranta a ɓace. An kama ɗanta da wayar salula a cikin aji, a wata makarantar gwamnati, an karɓe ta. Yaron yana shirin jarrabawar BEPC. Ta ce, "Fasto, ka raka ni mu roƙi malamin. Da gumina na sayi wayar nan." Gaskiya ta faɗa. Tun asuba take fita kasuwa, sai dare take komowa, wayar kuwa ita ce hanyar da take sanin yaron ya isa gida lafiya.

Na tambaye ta, "Da dare fa, ina wayar take kwana?" Ta yi shiru. Can ta ce a ƙarƙashin matashinsa.

Batun hana waya a makaranta ba a garinmu kaɗai ake yinsa ba. A shekara ta 2018 ƙasar Faransa ta kafa doka ta hana 'yan firamare da 'yan ƙaramar sakandare amfani da waya a makaranta. A 2023 hukumar UNESCO ta ba da shawara kada a bar waya a aji sai in za ta taimaki karatu. Ni dai ina tare da malamai a kan wannan. Amma malami yana riƙe da yaronka na 'yan sa'o'i ne kawai. Sauran yini da dukan dare a hannunka suke.

Dubi Eli, firist a Shilo. Ba mugun mutum ba ne. Da ya ji labarin abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi, ya kira su ya yi musu faɗa, ya ma yi maganar da ta dace. Duk da haka, a sura 3 aya 13, laifin da Allah ya ɗora masa shi ne ya sani, bai kuwa hana su ba. Faɗa daban, hani daban. Da yawanmu iyaye mun iya faɗa. Muna cewa "ajiye wayar nan" sau goma, muna kuma saya masa kati ranar Asabar. In malami ya yi abin da muka kasa yi, sai mu ɗaura ɗamara mu tafi makaranta da fushi.

A cikin gidan nan na Eli akwai wani yaro, Sama'ila. Da dare Allah ya kira shi, fitilar haikali ba ta mutu ba tukuna, ko'ina tsit. Sau uku yana tashi a guje zuwa wurin tsohon, yana tsammani shi ne. Yaron bai san muryar Ubangiji ba tukuna, amma kunnensa a buɗe yake, domin babu wata ƙara da ta cika shi. Ka yi tunani, ɗan'uwa: in Ubangiji ya kira ɗanka ƙarfe ɗaya na dare, me zai tarar a kunnensa? Ban ce waya shaiɗan ce ba. Wasunku ta cikinta kuke sauraron shirinmu, nakan kuma yi wa marasa lafiya addu'a ta cikinta. Sai dai yaron da ya kwana yana latsa WhatsApp ba zai ji malamin lissafi da safe ba, balle ƙaramar murya ta Ruhu Mai Tsarki.

Na raka 'yar'uwar nan makaranta, amma ba roƙo muka je yi ba. Ta gode wa malamin, ko da yake da ƙyar maganar ta fito. Da aka mayar da wayar, suka shirya da ɗanta: yana komowa daga makaranta ya kira ta, ƙarfe tara na dare kuma wayar ta shiga ɗakinta. Ya yi kwanaki ba ya mata magana sosai. Ta jure.

Ni ma ban tsira ba. A daren nan matata ta tuna mini cewa sau biyu na amsa waya muna tsakiyar addu'ar iyali, yara suna kallo. Ba ni da ta cewa. Tun daga ranar, tawa ce ake fara kashewa.

Addu'a: Ya Uba, ka ba malaman makarantunmu haƙuri da adalci. Ka gafarta mana inda muka sani muka yi shiru kamar Eli. Ka ba ni ƙarfin hali in karɓi wayar a daren yau, ko da ɗana zai yi fushi da ni. Cikin sunan Yesu, Amin.