Ina Aka Kai Bos Ɗin?

Duk wanda ya saba zaman kallo da yara ya san tambayar da ke fara fitowa tun rubutun farko bai gama wucewa ba: "Wane ne bos ɗin?" Gado ne daga finafinan Indiya da na Chaina. Sai an raba akta da bos hankali ke kwanciya. A da tambayar ba ta da wuyar amsa, ko a katun. Yanzu kuwa babba sai ya yi ta inda-inda, domin a yawancin manyan finafinan katun na 'yan shekarun nan babu wanda za ka nuna da yatsa.

Da can Disney ba ta ɓoye mugu, da ganin idonsa ka san shi ne. Jafar na Aladdin a 1992 cikin fitila ya ƙare, a kulle. Scar na The Lion King a 1994, wanda ya saki wansa Mufasa daga kan dutse, kurayen da ya yi wa alkawarin nama su suka cinye shi. Wasu kuma faɗowa suke yi daga sama, tun daga sarauniyar Snow White a 1937 har zuwa Gaston a 1991, yadda jini ba zai taɓa hannun akta ba. Daga baya aka shiga yayin ɓoye mugun sai dab da ƙarshe, irin yarima Hans a Frozen na 2013 da 'yar tunkiyar nan mai sanyin murya a Zootopia na 2016. Sai kuma aka wayi gari an sallame shi gaba ɗaya.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Encanto na 2021, wanda ya ci kyautar Oscar ta katun a shekarar da ta biyo baya. Labarin gidan Madrigal ne a tsaunukan Kolombiya. Kakarsu Alma ta gudo daga garinsu rungume da jarirai 'yan uku, mahaya dawakai suka kashe mijinta Pedro a bakin kogi a kan idonta. A daren ta samu wani kyandir da ba ya mutuwa, da gida mai rai, kuma duk yaron gidan da ya cika shekara biyar sai wata baiwa ta sauko masa. Wata girkinta magani ne, wata hadari da rana halin zuciyarta suke bi, wata tana jin faɗuwar allura daga nesa. Jikarta Mirabel ce kaɗai ba ta samu baiwa ba, ta taɓa ƙofarta ƙofar ta ɓace. To, gida ya fara tsagewa, ana ta neman mai laifi, in kuwa ka bi tsagar har tushe, a gaban kaka za ka tsaya. Matar ba mayya ba ce, ba ta ƙin kowa. Tsoro ne ya cika ta kada abin da ya same ta ya sake faruwa, sai ta mai da 'ya'ya da jikoki ma'aikatan baiwarsu, kowa darajarsa gwargwadon amfaninsa.

Tatsuniyarmu ta daɗe da sanin mugun cikin gida. A can ne ake tura 'yar bora wankin ƙirgi a Ruwan Bagaja, 'yar mowa na zaune tana cin mai kyau. Amma kishiyar uwa ba jininka ba ce, mai tatsuniya na iya kunyata ta yara su yi barci da murna. Abin da tatsuniya ba ta cika taɓawa ba shi ne cutar da ke fitowa daga hannun wadda ke son ka da gaske, uwa ko kaka. Ita wannan ba a jefo ta daga kan dutse. Gobe da safe ita za ka durƙusa ka gaisar.

Ni Luisa ce ta fi tsaya mini a rai, ba Mirabel ba. Ita ce mai ƙarfin gidan: ta saɓa jakuna a kafaɗa, ta gyara zaman gada, ta matsar da coci, duk wanda ya kira sai ta amsa. Ashe fatar idonta rawa take yi dare da rana, ba wanda ya sani sai mai kaifin jin nan. Babu gidan yawa da ba shi da Luisa. Yawanci 'yar fari ce ko mai bi mata. Ita ce da ɗora tukunya kafin makaranta, ita ce da goyon ƙani, ita ake aika niƙa, in baƙi suka zo a ce ai wance akwai hankali, ba ta da ƙiwa. Yabon gaskiya ne, sai dai wadda aka saba yabo da rashin gajiya ba ta da bakin cewa ta gaji. In ta girma ita ce da kuɗin makarantar ƙanne da na asibitin tsofaffi, wayarta ba ta yin shiru daga ashirin ga wata.

Sai Bruno, kawun da ba a kama sunansa, har waƙar da aka yi kan hana zancensa ta danne duk sauran waƙoƙin fim ɗin. Laifinsa yana hango abin da zai faru ya faɗa, in ya faru a ce bakinsa ne. An ɗauka ya bar gari, ashe shekara goma yana cikin bangon gidan tare da ɓeraye, yana liƙe tsagar da ke fitowa. Akwai wani ɗan wuri da bai kai minti ɗaya ba. Mirabel ta leƙa ta wata kafa ta hango teburin cin abincin gidan, ta dubi gabanta ta ga Bruno ya jingina ɗan teburinsa daidai jikin bangon, ya zana faranti a kai da sunansa, irin na sauran. A nan manya ke yin tsit. Ɗan shekara shida kuwa ɓerayen yake kallo.

Ƙarshen ne ban gama yarda da shi ba. Gida ya rushe, Alma ta tarar da Mirabel a bakin kogin nan, ta ce laifinta ne, aka rungumi juna, mutanen gari suka taho da kayan gini. Tsoron shekara hamsin ya narke a waƙa ɗaya. Wanda ya tashi a gaban tsohuwa ya san ba haka take saukowa ba. Tamu ba za ta ce maka yi haƙuri ba. Za ta aiko maka da tuwo da tsokar da ta fi girma, ko ta kira ka da sunan da rabonka da jin sa tun kana ƙarami, ko ta tambayi wani a gabanka ko ka ci abinci. Ban raina wannan ba, ban-haƙuri ne cikakke ga wanda ya iya karanta shi. Abin lura dai shi ne yaran da ke tasowa yanzu sun ga babba ta buɗe baki ta faɗa, a wannan fim da na gaba da na gaba. Wata rana za su zauna jiran kalmar, mu kuma muna can muna tura tsoka, kowa na ganin ɗayan ne ya ƙi motsawa.

Pixar ma hanyar ta bi. A Turning Red na 2022, wanda Domee Shi ta ba da umarni, yarinya ce 'yar shekara 13 a Toronto, iyayenta 'yan asalin Chaina, tana rikiɗa ta zama jibgegiyar dabba ja duk sa'ad da zuciyarta ta motsa. Abokiyar faɗanta uwarta ce, mai laɓewa bayan bishiya tana leƙen ta a aji, ita ma uwar da tsohuwar tsama tsakaninta da tata uwar. Inside Out 2 na 2024 ya ƙara matsowa ciki: bos ya bar tsakar gida ya koma cikin kan wata yarinya, Riley. Fargaba ce, wata 'yar halitta mai ruwan lemo da ta iso da akwatuna niƙi-niƙi, ta kori su Farin Ciki daga ɗakin sarrafawa, ba da mugun nufi ba, so take Riley ta samu shiga ƙungiyar wasa da sababbin ƙawaye. Ba a kashe ta ba. Kujerar tausa aka ba ta da kofin shayi, aka bar mata aikin tuna jarabawar gobe. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.6, ya fi kowane fim kawo kuɗi a 2024, saboda haka kada wani ya sa ran za a bar wannan hanya nan kusa.

Ina son finafinan nan, wasu na maimaita su ba tare da yaro a kusa ba. Kuma nan ne matsalar. Manya ne ke wanke tasu zuciyar, manya ne ke sayen tikiti. Ƙaramin yaro ba ya kwana da tunanin ciwon da kakarsa ta gada. Abin da ke hana shi barci duhu ne, da motsi a bayan ɗaki, da karen maƙwabta. Tsofaffin da suka riƙa kawo Dodo a tatsuniya ba azabtar da yara suke yi ba. Sun ba tsoron suna da jiki, suka sa ya haɗiye mutane, sannan suka sa aka farke cikinsa kowa ya fito da rai, duk yaro na kwance a jikin kakarsa. Fim ɗin da kowa ke da uzuri a cikinsa ba ya ba yaro wannan. Disney ta gwada dawo da mugun sarki a Wish na 2023, fim ɗin cikarta shekara 100, amma sarkin ko kaza bai firgita ba.

DreamWorks ce ta iya, a Puss in Boots: The Last Wish na ƙarshen 2022. Muzurun nan mai takobi da takalma ya ɓarar da rai takwas cikin tara, na takwas ɗin ƙararrawa ce ta faɗo masa yana tsaka da cika baki. Yana zaune a mashaya yana kurɓar madara sai aka ji fito, a hankali, ba gaggawa. Kyarkeci ne a kujerar gefensa, jajayen idanu, lauje biyu a ƙarƙashin mayafi. Suka gwabza. Karon farko ƙarfe ya taɓa shi, jini ya gangaro daga goshi, gashin jikinsa ya miƙe, ya bar takobinsa a ƙasa ya tsere ta masai. Ya zaci mai farautar lada ne, ashe mutuwa ce da kanta, ta fusata da wanda aka ba rai tara bai daraja ko ɗaya ba. Ba a lallashinta, ba a kashe ta. Sai da ta ga girman kan ya fita daga muzurun ta juya, bayan sun rabu a kan za su sake haɗuwa. Ga yaron da ya taso yana jin ana cewa kowa da ranarsa, wannan ba baƙon zance ba ne, ko da yake ba zan kunna wa ɗan ƙasa da shekara bakwai shi da daddare ba.

Suka kuma ƙara da bos na gargajiya, Jack Horner, ƙaton mai kamfanin gasa kek. Shi da bakinsa ya faɗa cewa ya tashi da iyaye masu son sa da gida da dukiya, duk bai gode ba, so yake tsafin duniya kakaf ya dawo hannunsa kowa ya rasa. Ma'aikatansa ya sa suka zama gada ya taka ta kansu, aka turo motarsa suka zube a rami, ko a jikinsa. Wani ɗan gyare ya hau kafaɗarsa yana ta yi masa wa'azi, yana neman ko ɗigon alheri a zuciyarsa, har ya gaji. Da ƙarshen Jack ya zo, gyaren ne da kansa ya iso a bayan tsuntsuwar wuta, ya sa aka ƙone guntun da ya rage na taswirar da Jack zai cika burinsa da ita, ya shaida masa ya ajiye aiki.